Hanyoyin sadarwar intanet na kayayyaki

Intanet na kayayyaki, wanda ake taƙaitawa da IoT, tsari ne da na'urori ke aika bayanai da karɓar umarni ta intanet ba tare da wani ya zauna yana danna musu komai ba. Mitar wuta da ke kai rahoton abin da aka sha, na'urar bin diddigi da ke ɓoye a cikin adaidaita sahu, kyamarar tsaro da mai shago a Kantin Kwari ke kallo ta wayarsa daga gida, duk suna cikin wannan sahu. Hanyar sadarwa kuwa ita ce igiyar da ta ɗaure na'urar da babbar kwamfutar da ke tattara bayanan, ko ta iska ko ta waya. Ita ce ke yanke kuɗin da za a kashe, da tsawon ran batir, da ko na'urar za ta yi aiki a inda aka kafa ta.

Asali

Kevin Ashton, wani Bature ɗan Ingila da ke aiki da kamfanin Procter & Gamble, shi ake danganta wa raɗa sunan a 1999, lokacin da yake bayani kan ƙananan tambura masu magana ta rediyo da ake manna wa kaya don bin sawunsu. Aikin kansa ya girmi sunan. Tun farkon shekarun 1980 ɗalibai a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka suka haɗa injin sayar da lemon kwalba da kwamfuta, don su san ko akwai lemo mai sanyi kafin su sha tafiya.

A Najeriya ƙofar ta buɗe ne da zuwan wayar salula a watan Agustan 2001, lokacin da Econet da MTN suka fara aiki, Glo ya biyo baya a 2003, Etisalat kuma a 2008. Duk inda aka kafa turken sadarwa don mutane su yi waya, an kafa wa na'urori ma hanya, ko da ba da niyya ba.

Nisa, yawan bayanai da batir

Abubuwa uku ake aunawa wajen zaɓen hanya: nisan da saƙo zai kai, yawan bayanan da zai ɗauka, da wutar da zai ci. Babu hanyar da ta haɗa ukun duka. Idan ana son nisa da bayanai masu yawa, kamar bidiyon kyamara, to sai an samar da wuta tsayayya. Idan ana son nisa da batir mai daɗewa, dole saƙon ya zama ɗan mitsitsi, kuma jefi-jefi. Dalilin yana cikin halin igiyar rediyo. Zangon rediyo da ke ƙasa, kamar megahaz 900, ya fi ratsa bango da tafiya nesa, amma wurin da ke cikinsa kaɗan ne. Zangon da ke sama, kamar gigahaz 3.5 ko 5, yana ɗaukar kaya da yawa amma ba ya nisa, kuma katanga mai kauri na karya shi. Wanda ya taɓa neman sabis a ƙuryar ɗaki cikin tsohon birni, inda katangun ƙasa ke da kauri kuma gidaje ke manne da juna, ya san wannan ko bai san lissafinsa ba.

Hanyoyin kusa

Wi-Fi ita ce aka fi sani. Tana aiki galibi a zangon gigahaz 2.4 da 5, tana kai mitoci kaɗan zuwa gomiya a cikin gini, tana da sauri, tana kuma zuƙe batir. Shi ya sa ta dace da kyamara da talabijin da duk abin da ke jone da soket. Bluetooth mai ƙarancin cin wuta, wadda ta fito a 2010, ita ke haɗa agogon hannu da ma'aunin hawan jini da waya. Zigbee da Thread kuwa saƙar tabarma suke yi: kowace na'ura mai wuta tana miƙa saƙon maƙwabciyarta zuwa ta gaba har ya isa mashiga, wato na'urar da ke haɗa su da intanet, saurinsu bai wuce kilobit 250 a daƙiƙa ba. A 2022 manyan kamfanoni irin su Apple da Google da Amazon da Samsung suka fitar da ƙa'idar Matter don kayan gida na kamfanoni daban-daban su riƙa fahimtar juna.

Duka waɗannan ba su kai saƙo intanet da kansu. Sai da mashiga, wato rawuta ko waya, ita kuma mashigar tana bukatar wuta da data. A gidan da ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, ƙwan fitila mai haɗi da intanet ado ne kawai idan babu sola ko inbata a bayansa.

Layin waya

A Kano mafi yawan na'urorin da ke magana da intanet suna yi ne ta sim, irin wanda ke cikin wayar kowa. Babban misali shi ne POS. A cikin kowace akwai layi, wasu ma biyu, kuma saƙon da take aikawa banki bai kai nauyin hoto ɗaya na WhatsApp ba. Abin da take bukata shi ne saƙon ya je ya dawo kafin wa'adin jira ya cika. Idan ya je, aka cire kuɗi a asusu, amsar kuma ta maƙale a hanya, sai takarda ta fito da cewa ciniki bai yiwu ba alhali an zari kuɗin mai kati. Wannan ne asalin yawancin gardamar da ake ji a rumfunan POS daga Singa har Dawanau, wadda ake rufewa da "matsalar netwok ce, za su dawo maka da shi." Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a farkon 2023 ya tura 'yan kasuwa da yawa ga wannan na'ura da tura kuɗi ta waya, har da masu shayi da masu kayan miya, kuma a lokacin ne jama'a suka ga yadda cinikin yini guda ke iya rataya a kan sandunan sabis biyu.

Na biyu ita ce na'urar bin diddigi. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a Janairun 2013, adaidaita sahu ta cika gari, kuma da yawa ba na direbobin ba ne, na masu kuɗi ne da ke bayarwa a biya su kullum ko a hankali har a mallaka. Na'urar tana da kunnuwa biyu. Ɗaya yana sauraron taurarin GPS don sanin inda take, ɗayan kuma sim ne da ke aika wurin zuwa wayar mai abin hawa. Mutane kan ɗauka tauraron ne ke ganin motar yana ba da labari, amma tauraron GPS ba ya karɓar komai daga na'urar, aikawa kawai yake yi. Saboda haka idan ɓarawo ya shiga da mota inda babu sabis, ko kuɗin layin ya ƙare ba a sabunta ba, na'urar ta san inda take sarai amma ba ta da bakin faɗa. Masu inganci sukan adana bayanan su turo da zarar sabis ya dawo.

Akwai kuma sola ta biya-sannu-sannu, kamar wadda kamfanin Lumos ya kawo tare da MTN, inda akwatin ke da sim a ciki: an biya ya buɗe, wa'adi ya ƙare ya kulle kansa.

Yawancin na'urori masu araha na wannan aji har yanzu kan 2G suke tafiya, domin kayan haɗinta sun fi sauƙin kuɗi kuma ita ta fi shiga ƙauyuka. Haɗarin shi ne ba ta da tabbacin ɗorewa. Kamfanin AT&T ya rufe tasa a Amurka a farkon 2017, Singafo ma ta rufe a shekarar, kuma duk na'urar da 2G kaɗai ta sani ta zama kurma. A Najeriya tana nan tana aiki, amma mai shirin kafa na'urori ɗari da za su shekara goma ya kamata ya sa wannan a lissafi.

Maganar 5G ta fi amfaninta yawa a wannan fanni, aƙalla zuwa yanzu. Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gwanjon zangon gigahaz 3.5 a Disambar 2021, MTN da Mafab suka samu, kowanne a kan dala miliyan 273.6, kuma Kano na cikin birane bakwai da MTN ya fara da su a 2022. Tana da amfani ga kyamarori masu yawa ko masana'anta a Sharaɗa da Challawa da Bompai. Mitar ruwa da ke tura lamba ɗaya a yini ba ruwanta da wannan sauri.

Hanyoyin nesa masu tattalin batir

Don irin wannan mitar aka ƙirƙiro wani rukuni dabam. LoRa ta samo asali daga wani ƙaramin kamfani a Grenoble ta Faransa, wanda Semtech ya saya a 2012, aka kuma kafa ƙungiyar LoRa Alliance a 2015. Tana amfani da zangon da ba a sayen lasisinsa, megahaz 868 a Turai da 915 a Amurka, tana kai kilomita 2 zuwa 5 a cikin gari, har 15 a fili. Babban armashinta shi ne mutum zai iya kafa mashigarsa da kansa a kan tankin ruwa ko dogon bene, na'urori ɗaruruwa su riƙa magana da ita ba tare da sim ko ɗaya ba, mashigar kaɗai za a saya wa data. Ga filayen noman rani na Kadawa da Kura da ke shan ruwan madatsar Tiga, inda ƙasa take a shimfiɗe kuma abin da ake son sani shi ne danshin ƙasa da tsayin ruwa a magudana, da wuya a sami tsarin da ya fi ta dacewa.

Sigfox, ita ma ta Faransa, ta kai tattalin ƙarshe: bayit 12 a saƙo, wato kamar haruffa 12, saƙo 140 a yini. Kamfanin ya durƙushe a 2022, UnaBiz ta saye shi. Su ma kamfanonin waya suna da nasu, NB-IoT da LTE-M, da aka daidaita ƙa'idojinsu a 2016. Suna hawa turakun 4G da ake da su, na'urar kuma tana yin barci mai nauyi ta farka ta aika ta koma, da burin batir ya kai shekara 10. Sai dai suna aiki ne kawai inda kamfanin ya kunna su a turakunsa.

Alƙaluman batir da ake rubutawa a kwali an auna su ne a yanayi matsakaici. Zafin Afrilu a Kano yana haura digiri 40 a inuwa, cikin akwatin ƙarfe a rana kuwa ya fi haka nesa, kuma zafi yana gajarta ran batir. Ƙurar hunturu tana rufe fuskar sola ta rage cajin da take bayarwa.

Inda babu turke sam, sai tauraron ɗan'adam. Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, amma kwanonsa na cin wuta sosai, don haka ya fi dacewa da zama mashigar gona ko ma'aikata gaba ɗaya.

Mitar da ba ta magana

Ba kowace na'ura mai allo da lambobi ce ke kan intanet ba. Mitar kati da mafi yawan gidajen da ke ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na KEDCO a Kano da Katsina da Jigawa suka sani, wadda ake shigar wa lambobi 20, ba sai ta yi magana da kowa ba. Adadin wutar da aka saya a ƙulle yake cikin lambobin, mitar ce ke warware shi da mabuɗin da ke cikinta. Bambancinta da mita mai sadarwa ya fito fili kafin 24 ga Nuwamban 2024, ranar da ma'aunin lokaci na wannan tsari, wanda ke ƙirga mintuna tun 1993, ya cika. Sai da aka ba masu tsofaffin mitoci wasu lambobi na musamman suka shigar da hannu, gida gida. Mita mai sadarwa daga ofis za a iya gyara ta, a karanta ta, a kuma gane idan an taɓa ta. Irin waɗannan aka yi amfani da su a aikin sola na shagunan kasuwar Sabon Gari, ƙarƙashin shirin Hukumar Samar da Wutar Karkara da aka fara a wajajen 2018.

Bayan turke

Daga turke saƙo yana bin wayar faiba ko ya yi tsalle daga turke zuwa turke ta rediyo, sau da yawa har Legas, tazarar kimanin kilomita 1,000, inda mafi yawan wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da Glo-1 na 2010 da Equiano na 2022 suka sauka. Idan kwamfutar da ke karɓar bayanan a Turai ko Sin take, kamar yadda yake ga kyamarori masu araha da yawa, sai saƙon ya ƙetare teku ya dawo kafin mai shago ya ga ƙofar shagonsa da ke bayan layi. Katsewar wayoyin teku da dama a gaɓar Afirka ta Yamma ranar 14 ga Maris 2024 ta taɓa bankuna da intanet a faɗin ƙasar. Masu aikin titi da ke tsinka faiba da tsadar dizal na janaretocin turaku su ne matsalar yau da kullum. A Satumban 2021 kuma an rufe sabis a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda tsaro, duk na'urar da ke kan sim a can ta yi shiru tare da wayoyin mutane. Cibiyar adana bayanai da Galaxy Backbone, kamfanin gwamnatin tarayya, ya buɗe a Kano a 2023 na cikin yunƙurin rage wannan doguwar tafiya.

Harshen da na'urori suka fi amfani da shi wajen aika saƙo shi ne MQTT, wanda Andy Stanford-Clark da Arlen Nipper suka tsara a 1999 don sa ido kan bututun mai ta tauraro, inda kowane bayit kuɗi ne.

Tsaro da doka

A Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rawutoci ta hanyar gwada kalmomin sirri kimanin 60 da masana'antu ke sakawa tun daga kwali, aka yi amfani da su wajen toshe kamfanin Dyn, mai haɗa sunayen shafukan intanet da adireshinsu, shafuka irin su Twitter da Netflix suka ɗauke na sa'o'i a Amurka. Kyamarar da aka sayo a kasuwar waya ta Farm Centre aka kafa ba a canja kalmar sirrinta ba tana cikin irin wannan haɗari, ga kuma batun sirrin iyali idan tana kallon tsakar gida.

NCC ce ke ba da izinin nau'in na'urorin sadarwa da ake shigowa da su, ita ke kuma raba zango ga kamfanoni. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, saboda haka sim ɗin da ke cikin na'urar bin diddigi ko POS yana ɗauke da sunan wani mutum ko kamfani, kuma idan aka rufe layin na'urar ta tsaya. Bayanan da na'urori ke tarawa kan mutane, kamar inda direba ya kwana ko lokacin da ake kunna wuta a gida, suna ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023.