Abin shafa wa burodi a Legas

Abin shafa wa burodi shi ne duk wani maiƙo, zaƙi ko niƙaƙƙen abinci da ake lafta wa yankan burodi don ya yi daɗin haɗiya. A bakin Hausawan Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba, Mile 12 da Obalende, kalmar "bota" ta mamaye fagen, duk da cewa yawancin abin da ake kira bota a kasuwa majarin ne, wato man itatuwa da aka daskarar, ba man shanu ba. Na'urar gasa yankan burodi ba kowane gida ke da ita ba. Gashin da aka fi sani shi ne na teburin mai shayi: ya tsaga burodi ta tsawo, ya shafe cikinsa da bayan cokali, ya cusa wainar ƙwai, sannan ya kwantar da shi a kaskon suya ya danne har bayansa ya yi ja.

Burodin kansa

Ana danganta bunƙasar sana'ar burodi a Legas da Amos Shackleford, ɗan ƙasar Jamaika da ya zo wajajen 1913 ya yi aiki da hukumar jirgin ƙasa, daga baya ya buɗe gidan burodi a Ebute Metta. Sunan "burodin Agege" ya biyo baya ne, bayan gidajen burodi sun yawaita a unguwar, wadda Hausawa fataken goro suka daɗe da kafa zango a cikinta. Burodi ne mai laushi da danƙo, na farar fulawa, kuma akwai sukari da gishiri da maiƙo a cikin kwaɓinsa tun kafin a shafa masa komai. A farkon shekarun 2000, zamanin shugabancin Dora Akunyili, hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta matsa wa masu gidajen burodi lamba kan sinadarin bromet da ake sawa don burodi ya kumbura.

Tarihin majarin

Wani Bafaranshe, Hippolyte Mège-Mouriès, shi ya ƙirƙiro majarin a 1869, lokacin da sarkin Faransa Napoleon na III ke neman abin da zai maye gurbin man shanu ga sojoji da talakawa. Na farkon da kitsen shanu aka yi shi. A farkon ƙarni na 20, Bajamushe Wilhelm Normann ya samo hanyar cusa iskar haidirojin cikin ruwan mai har ya daskare, sai masana'antu suka koma ga man itatuwa mai araha. Gyaɗar Kano da manjan kudu suna cikin kayan da aka riƙa ɗauka zuwa Turai saboda wannan sana'a, ta tashar jiragen ruwan Legas, bayan layin dogo ya isa Kano wajajen 1912. Wato dalar gyaɗa tana da hannu a botar da Turawa suka ci shekara da shekaru. A Najeriya, Blue Band, wanda kamfanin Unilever ya daɗe yana sarrafawa kafin ya sayar da shi a 2018, ya shahara har sunansa ya zama sunan majarin ɗin gaba ɗaya a wurin mutane da yawa.

Aibin dabarar Normann ya bayyana ne a makare. Idan daskarwar ba ta kai ƙarshe ba, tana haifar da wani nau'in kitse da ake kira tirans, wanda ke ƙara mugun kwalastarol a jini, ya kuma rage mai amfanin. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira da a kawar da shi daga abincin masana'antu. Najeriya ta bi sahu da dokar NAFDAC ta 2022, wadda ta taƙaita shi zuwa giram 2 cikin kowane giram 100 na mai. Majarin ɗin da ake awo daga buɗaɗɗen bokiti a ƙulla a leda ba ya ɗauke da wani rubutu da mai saye zai duba.

Man shanu

Man shanun Turawa kusan kashi 80 cikin ɗari kitse ne, kuma fiye da rabinsa irin mai daskarewa ne. Cokali ɗaya na cin abinci yana da kalori kusan 100. Man shanun Fulani, wanda aka soya da albasa, ya fi zama a miya da tuwo. Da wuya a gan shi a kan burodi.

Ko man shanu ya fi majarin lafiya, magana ce da masana suka daɗe suna ja-in-ja a kanta. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya dai ita ce kada kitse mai daskarewa ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu a abincin yini, a kuma fifita ruwan mai a kansa.

Gyaɗa

Niƙaƙƙiyar gyaɗa ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe: daga ita ake matse mai a samu tunkuza, a yi ƙuli-ƙuli, a dama kunu. Kusan rabin ƙwayar gyaɗa mai ne, mafi yawansa irin wanda ba ya daskarewa, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu furotin ne, shi ya sa take riƙe ciki fiye da bota. Wadda aka niƙa a gida ko a injin kasuwa, in ta kwana biyu sai mai ya taso sama. Juyawa kawai take buƙata. Ta kwalba kuwa sau da yawa an ƙara mata sukari da gishiri da daskararren mai.

Haɗarinta guba ce mai suna aflatoksin, wadda fumfuna ke samarwa a gyaɗar da ba ta bushe sosai ba ko aka ajiye a danshi, kuma danshi abu ne da Legas ba ta rasa shi. An gano gubar ne bayan ɗimbin talotalo sun mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da gyaɗa. Tana illata hanta, kuma suya ba ta kashe ta duka. Mata masu ƙuli sun saba tsince ƙwayoyin da suka yanƙwane, suka yi baƙi ko ɗaci kafin niƙa. Wasu mutane kuma jikinsu ba ya karɓar gyaɗa sam.

Sauran

Mayonis, wanda aka fi sani da sunan Bama, mai ne da ƙwai da ruwan tsami. Jam da cakulan shafawa rabinsu ko fiye sukari ne, abin lura ga mai ciwon sukari. Zuma ma zaƙi ce, kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba. Fiya da aka dame da ɗan gishiri tana da mai irin mara daskarewa, sai dai tana da lokacinta a kasuwa.

Mutanen Legas da yawa ba sa shafa komai. Dafaffen wake mai laushi da ake kira ewa agoyin, ko ƙosai mai zafi da aka matse a tsakiyar burodi, ko kifin gwangwani, su ne mahaɗinsu. Wake da ƙosai suna kawo furotin da harzar da farar fulawa ta rasa, ko da yake miyar agoyin tana shan manja sosai.