Hayil

Hayil, wanda ake rubutawa חַיִל da Ibrananci, ɗaya ne daga cikin kalmomin da ke nufin ƙarfi a Tsohon Alkawari na Littafi Mai Tsarki, inda ya fito fiye da sau 200. Harafinsa na farko daga maƙogwaro yake fita, irin na farkon sunan Hasan a bakin Balarabe. Ibrananci na da wasu kalmomi kamar kowah da oz, amma hayil ya fi su faɗi, domin ya haɗa ƙarfin jiki da dakaru da dukiya da iya aiki, wato duk abin da ke hannun mutum wanda zai kai shi ga biyan buƙata.

Sau da yawa ma'anarsa rundunar yaƙi ce. Mayaƙan Fir'auna da teku ta cinye a Fitowa 14:28 da wannan kalma aka kira su. A Maimaitawar Shari'a 8:17-18 kuwa dukiya yake nufi, inda aka gargaɗi Isra'ilawa kada su ce ƙarfin hannunsu ne ya tara musu ita. Da Yetro ya ba surukinsa Musa shawarar naɗa masu shari'a a Fitowa 18:21, mutanen hayil ya ce a zaɓa, ma'ana waɗanda za su iya.

Laƙabin gibbor hayil, wato jarumin hayil, ya hau kan jarumai irin su Gidiyon da Yefta, haka ma Bo'aza na littafin Rut, wanda ba a ba da labarin ya taɓa zare takobi ba. Gonaki da mutunci yake da su a Baitalami.

Inda masu fassara suka fi shan wuya shi ne eshet hayil, macen hayil, da ta zo sau 3: Karin Magana 12:4 da 31:10, da Rut 3:11. Fassarori da dama sun mai da ita mace mai kirki, abin da ya rage wa kalmar kaifi. Matar da ke Karin Magana 31 tana sayen gona, tana saƙa, tana ciniki da fatake. Rut kuma, a lokacin da aka ba ta laƙabin, gwauruwa ce baƙuwa mai kala a gonar wani. Jerom, malamin Kirista na zamanin da, a fassararsa ta Latin, mace mai ƙarfi ya rubuta a Karin Magana 31:10.

Yahudawa da yawa na rera wannan sashe na Karin Magana 31 ranar Juma'a da dare kafin cin abincin Asabar. Daga tushen kalmar hayil Ibranancin yau ya samo hayal, wato soja.