Sauya tsohuwar gadar jirgin ƙasa: abin da dokar Ghana ta tanada

Layin dogon da ya taso daga Sekondi ya iso Kumasi ne a 1903, kuma a kan wannan layi na yamma aka daɗe ana jigilar ma'adinin manganis daga Nsuta da bokzayit daga Awaso zuwa tashar jiragen ruwa ta Takoradi. Gada mai ƙafafu jere, irin wadda aka gina domin taragon wancan zamani, ba tsufa kaɗai ke kashe ta ba. Nauyin da kowane gatari, wato sandar ƙarfen da ke haɗa tayoyin tarago, ke saukewa a kanta, tarago bayan tarago, shi ne yake sassauta ƙusoshi, tsatsa kuma ta ci gindin ƙafafun a inda ruwa ke kwanciya.

Dokar Jiragen Ƙasa ta 2008, mai lamba 779, ita ce ta fayyace wanda alhakin gadar yake wuyansa. Ta kafa Hukumar Bunƙasa Layin Dogo ta Ghana, ta damƙa mata kadarorin layin, wato dogo da gadoji da filaye, tare da ikon bayar da lasisi da kafa ƙa'idojin kiyaye haɗari. Kamfanin jirgin ƙasa kuwa aikinsa gudanar da jiragen ne kawai. Saboda haka, mai ƙorafi a kan gada da ta fara rawa, hukumar zai nufa, ba direba ba.

Kafin a fara aikin sauya gadar, sai an sami izinin hukumar kare muhalli, an kuma bayar da kwangilar bisa dokar sayen kayan gwamnati ta 2003.

Abin da ya fi shafar mutanen zango shi ne batun fili, domin sabuwar gada takan bukaci wuri a gefen tsohuwar, musamman yanzu da ake komawa ga dogo mai faɗin milimita 1,435 maimakon 1,067. Sashe na 20 na kundin tsarin mulki na 1992 ya wajabta wa gwamnati biyan diyya mai adalci ba tare da jinkiri ba idan ta karɓe dukiyar mutum, ya kuma ba shi damar zuwa Babbar Kotu idan bai gamsu ba. Sai dai wanda ya kafa rumfa ko tebur a cikin filin layin dogo, kamar yadda ake gani a kusa da kasuwar Kejetia da ke Kumasi, ba zai nemi diyyar ƙasa ba, ko da ya shekara talatin yana kasa kayansa a wurin, tunda filin na gwamnati ne tun asali.