Gida a Idon Ɗan Yaye

Wata ranar awo, da sanyin safiya, wata tsohuwa ta shigo asibitin unguwarmu nan Maradi goye da jikanta ɗan wata 19. Da na ɗaura masa zaren awo a damtse, sai ya tsaya a ja, wato bai kai santimita 11 da rabi ba, alamar tamowa mai tsanani. Na ce, "Inna, me ya samu angon naki?" Ta ce, "Wallahi ɗiyata, rigima ce kawai. Tun da uwar ta tafi ya ƙi hura, ya ƙi tuwo, sai kuka." Ashe aure ne ya mutu, kuma a ranar da uwar ta fita a ranar aka yaye shi. Abin da har yau yake tsaye mini a rai shi ne wani tsohon kallabi da ya damƙe a hannunsa. Na uwarsa ne. Da na taɓa shi don in ɗora yaron a sikeli, sai ya tsala ihu kamar na taɓa masa gyambo.

Mu manya mun saba cewa, "Yaro ne, me ya sani?" Ya sani ƙwarai. Jinjiri tun a kwanakinsa na farko yana gane muryar uwarsa da ƙamshin jikinta. Idan ya kai wata 7 ko 8 sai ya fara ƙiwa, baƙo ya miƙa hannu ya juya baya ya maƙale uwa. Wannan ƙiwar da muke yi wa dariya shaida ce cewa ya riga ya ware nasa daga na wani. A wurinsa gida shi ne bayan da ake goya shi, da hannun da ke ba shi kunu, da yayar da ke yi masa tawai, da gyaran muryar baba a zaure bayan Magariba. Idan ɗaya daga cikinsu ya ɓace dare ɗaya, ba shi da bakin tambaya. Sai ya tambaya da jikinsa: ya ƙi abinci, ya ƙi barci, ya daina wasa, wani ma da ya fara tafiya ya koma rarrafe. Mu kuma a asibiti sai mu ga amsar a kan sikeli.

Inda aka fi yi wa yara wannan yankan ƙauna shi ne wajen yaye. Har yanzu a gidaje da yawa, daga cikin gari har ƙauyukan Madarunfa da Tibiri, idan mace ta yi kwanika sai a ce nononta ya ɓaci, yaro zai sha ciki. Nan take a shafa wa nono maɗaci ko barkono, a kwashi yaro a kai shi wani gari wurin kaka. A wuni guda ya rasa abincinsa, ya rasa uwarsa, ya rasa ɗakin da ya sani. Babba ma da ƙyar zai jure wannan. Iyayena mata, nono ba ya zama guba don an samu ciki. Mace mai ciki da ke cikin ƙoshin lafiya tana iya ci gaba da shayarwa, sai dai ta ƙara cin abinci kuma ta zo awo. Ma'aikatan lafiya suna cewa nono zalla wata 6, ba ruwa ba jiƙo, sannan a haɗa da abinci har shekara 2. Alƙur'ani ma ya ambaci shekara biyu cikakku a Suratul Baƙara, aya ta 233. Idan lokacin yaye ya yi, a bi shi sannu a hankali cikin makonni: a fara rage na rana, a bar na dare zuwa ƙarshe, kuma yaro ya kasance yana ganin uwarsa.

Sai batun kwano. Muna son mu ga yara sun haɗa hannu a kwano ɗaya, kuma akwai albarka a ciki, amma ɗan wata 10 ba ya iya tsere da ɗan shekara 6. Kafin ya kai loma biyu an suɗe. A ware masa nasa kwanon, wani babba ya zauna gabansa, ya dube shi, ya lallaɓa shi. Daga wata 9 zuwa 23 yana buƙatar ci sau 3 zuwa 4 a wuni, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Kunun gero da garin ƙuli-ƙuli ko na wake, ɗan mai, garin zogale, duk ga su a kasuwanninmu. Ƙwai kuwa ba ya sa yaro sata, ƙarfi yake sa masa. Ba dole sai uwa ce za ta zauna ba. Kaka, gwaggo, abokiyar zama, kowa ya yi, yaron zai sa shi cikin nasa.

Maza, ina da magana da ku. A bencin awo ba kasafai nake ganin uba ba, kuma na san dalili: nema, da kunya, musamman kan ɗan fari. Na kuma san da an gama kaka da yawanku sai Kano, Legas, Agadas ko Aljeriya cin rani, don damina ɗaya ba ta riƙe gida shekara. Ba wanda zai ga laifin mai neman halak. Amma yaro bai san jika nawa ka turo ba, muryarka ya sani. Idan ka kira waya, ka ce a kara masa a kunne, ka kira sunansa ko da bai iya amsawa ba. Idan ka dawo ka ɗora shi a cinya kafin ka fita majalisa. Da damina kuma, lokacin da masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ke bin gida gida don yara ƴan wata 3 zuwa 59, ka tabbata an ba shi sauran ƙwayoyin da suka bari na kwana biyu.

Idan kuwa zama ya ƙi, a rabu, amma kada a mai da yaro sandar dukan juna. Ku tambayi malamai, a mazhabarmu ta Malikiyya uwa ce kan gaba wajen renon ƙaramin yaro.

Shi wancan yaron mun sa shi a shirin masu tamowa, muka ba kakar abincin leda na maganin tamowa na mako guda. Na roƙe ta abu ɗaya: ta riƙa kai shi wurin uwarsa. Ta yi shiru, ta ce, "Ɗan nawa ba zai so ba, amma ni na haife shi." Daga ranar kullum da hantsi sai ta goya jikan ta kai shi gidan iyayen uwar a wata unguwa, uwar ta ba shi abincin da hannunta, da la'asar ta dawo da shi. Bayan mako 6 zaren ya tsaya a kore, alamar ya murmure. Ranar da muka sallame shi kallabin yana ɗaure a kan kakar, shi kuwa yana ƙasa yana ƙoƙarin ƙwace mini biro.