RISC OS a kan Raspberry Pi

RISC OS wata babbar manhaja ce ta tafiyar da kwamfuta, wato OS, da masu sha'awar ƙere-ƙere ke ɗorawa a kan Raspberry Pi maimakon wadda kowa ya saba da ita. Raspberry Pi dai ita ce 'yar kwamfutar nan da ba ta wuce girman katin ATM ba, komai nata a kan allo ɗaya, firosesa da memori da ramukan USB da na HDMI, ta fito kasuwa a watan Fabrairun 2012 daga Kambirij ta Ingila a kan dala 35. Yawancin mutane Raspberry Pi OS suke sa mata, wadda a da ake kira Raspbian, reshen Debian Linux ce. Amma tunda OS ɗin a kan katin SD yake zama ba a cikin allon ba, canza shi bai fi ka zare kati ka saka wani ba, shi ya sa ake ta gwada irin su Ubuntu da FreeBSD da LibreELEC. RISC OS kuwa daban take da su, ba Linux ba ce ba kuma Unix ba.

Asalinta

Kamfanin Acorn Computers, shi ma na Kambirij, shi ya rubuta ta. Ta fara fitowa a 1987 da sunan Arthur a kan kwamfutar Archimedes, sai a 1989 aka gyara ta ta koma RISC OS. Abin da zai ba mutum sha'awa shi ne Acorn ɗin nan su suka ƙirƙiro firosesar ARM, aikin su Sophie Wilson da Steve Furber, kuma ARM ɗin ce yau a cikin kusan duk wayar da ke aljihunka, ita ce kuma a cikin Raspberry Pi, kenan wannan OS tun ranar farko don ARM aka yi ta ba wai daga baya aka lanƙwasa ta ba. Ko sunayen Model A da Model B na Pi ɗin farko daga BBC Micro aka aro su, kwamfutar Acorn ta 1981 da yaran makarantun Birtaniya suka koyi rubuta furogiram a kai.

Acorn ya daina ƙera kwamfuta a 1998, manhajar ta yi ta sauya hannu, daga kamfanin Pace zuwa kamfanin Castle Technology a 2003, sannan aka kafa kamfanin RISC OS Open a 2006 don a buɗe wa jama'a ainihin rubutun furogiram ɗinta. Ta hau Raspberry Pi a watan Oktoban 2012, a 2018 kuma aka sake ta ƙarƙashin lasisin Apache 2.0, kowa ya ɗauka kyauta.

Yadda ake ɗora ta da yadda take aiki

Ɗorawar ba wuya, a cikin Raspberry Pi Imager za ka ga RISC OS Pi a jerin sauran OS, ka rubuta ta a kan kati ka saka ka kunna, cikin 'yan sakanni ta tashi ko a kan Pi na farko mai firosesa 700MHz, domin zuciyar manhajar 'yan megabayit ce kawai.

Inda sabon shiga ke ruɗewa shi ne maus. Dole mai maɓalli uku, ana ce musu Select da Menu da Adjust, babu jerin menu a saman taga, duk inda kake sai ka danna na tsakiya menu ya fito maka nan take. Adana fayil ma jan sa ake yi, ka kama 'yar alamar fayil ɗin ka ja ta ka sake ta a foldar da kake so, ko ma cikin wata manhajar kai tsaye, kuma gaskiya in hannu ya saba wannan tsarin ya fi daɗi. Kowace manhaja folda ce guda mai suna da ya fara da alamar motsin rai, kamar !Draw da !Edit da !Paint, in ka kwafe foldar ka girka ta kenan, in ka goge ta shikenan ta tafi. Nau'in fayil ba a wutsiyar sunansa yake ba, lamba ce da tsarin ke riƙewa daban, kuma ɗigo ne ke raba sunayen folda.

Sai BBC BASIC, harshen rubuta furogiram, wanda shi ne dalilin da ya sa mutane da yawa ke zuwa. Ka danna F12 ka rubuta BASIC ka fara aiki, har da asambula ta ARM a ciki, wato harshen ba firosesa umarni kai tsaye, mai koyo yana iya taɓa firosesa kai tsaye ya ga me ke faruwa ba tare da tarin shingaye a tsakani ba. Ga wanda yake son ya fahimci kwamfuta tun daga tushe wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda take da rauni

Manhajoji a cikinta karɓa-karɓa suke yi bisa yarda, kowace sai ta saki firosesa da kanta kafin wata ta samu, to in ɗaya ta maƙale tana iya riƙe kwamfutar duka. Don mai amfani guda ɗaya aka yi ta, kariyar memori kaɗan ce, kuma ko firosesar Pi ɗin na da ƙwaya huɗu masu aiki lokaci guda, ɗaya take amfani da ita. Burauzar NetSurf tana da sauri amma shafukan zamani masu nauyin JavaScript suna ba ta wahala. Wi-Fi ɗin Pi ma sai a sigar 5.30 ta 2024 ya shigo, kafin nan yawanci wayar Ethernet ake jonawa.

Babbar matsalar ita ce an rubuta kaso mai yawa nata da asambular ARM mai bit 32. Tana tafiya a kan Pi 1 da 2 da 3 da Zero, ta samu Pi 4 a sigar 5.28 ta 2020, amma Pi 5 da ta fito a 2023 firosesarta Cortex-A76 ba ta yarda zuciyar OS ta yi aiki a bit 32, don haka ba ta hawa kai, sai dai a sake rubuta ta zuwa bit 64, aikin da RISC OS Open ke neman kuɗi da ma'aikatan yin sa.