Ɗan Riƙon da Ake Zargi da Sha'awar Jinsi Ɗaya: Abin da Doka Ta Ɗora wa Mariƙi a Abuja

Idan aka ga yaro yana tafiya ko magana irin ta 'yan daudu, ko aka tsinci wani saƙo a wayar yarinya har aka fara raɗe-raɗin maɗigo, gidaje da yawa duka suke fara yi, kora ta biyo baya. Abin ya fi tsanani a kan ɗan riƙo, domin shi ba shi da wani gidan da zai koma. Mariƙa da dama kuma suna ganin dokar hana auren jinsi ce ta ba su wannan dama, ko ma ta tilasta musu. Ba haka dokar ta ce ba.

Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a watan Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu ƙulla auren jinsi ɗaya. Ta kuma tanadi shekara 10 ga mai kafa ƙungiyarsu ko shiga cikinta ko tallafa mata, da mai shaidar irin wannan aure, da mai nuna soyayyar a bainar jama'a. Sashe na 284 na kundin Penal Code, wanda ke aiki a Abuja, ya haramta aikin saduwar kansa. Babu inda waɗannan dokoki suka ce laifi ne ka ciyar da yaro, ka ba shi makwanci, ka kai shi makaranta ko asibiti saboda ana zarginsa. Dokar 2014 ba ta kuma ɗora wa kowa wajibcin kai rahoto ga 'yan sanda ba.

Dokar da ta shafi mariƙi kai tsaye ita ce Dokar Haƙƙin Yara ta 2003. Tana aiki a Babban Birnin Tarayya, kuma a wajenta duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. Sashe na 1 ya ce a duk matakin da za a ɗauka a kan yaro, maslaharsa ce gaba da komai. Sashe na 11 ya hana a cutar da shi a jiki ko a tunani, ya hana azabtarwa da wulaƙanci da sakaci. Gaskiya ne cewa Sashe na 10, mai hana nuna bambanci, ya lissafa ƙabila da addini da jinsi da yanayin haihuwa, bai ambaci wanda mutum yake sha'awa ba. Amma Sashe na 11 bai ware kowane yaro ba, kuma bai ce kariyar tana faɗuwa idan an yi zargi ba.

Riƙo ta hanyar kotu yana da sharuɗɗa: mai nema ya kai shekara 25, ya girmi yaron da aƙalla shekara 21, ya zama ɗan Najeriya mai halin ɗaukar nauyi, likita ya tabbatar da lafiyarsa, kuma su kasance mazauna jiha ɗaya da yaron. Wannan na ƙarshen yana rikita mutane. Wanda ke aiki a Wuse amma yake kwana a Mararaba ko Masaka yana ƙarƙashin jihar Nasarawa ne, na Suleja kuma jihar Neja. Da zarar Kotun Iyali ta ba da umarnin riƙo, nauyin kulawa da tarbiyya da karatu ya hau kan mariƙi kamar shi ya haifa, kuma kotu ce kaɗai ke warware shi. Mariƙin da ya ga ba zai iya ci gaba ba sai ya sanar da jami'in walwalar yara, a koma kotu a nema wa yaron wani wuri. Ɗaure masa kaya a jefa waje da dare ba ya cikin hanyoyin da doka ta sani. Wanda ya karɓi ɗan ƙanwarsa ba tare da takardar kotu ba, kamar yadda akasarin riƙonmu yake, shi ma Sashe na 11 ya hau kansa. Ga kuma dokar hana cin zarafi ta 2015, wadda hukumar yaƙi da fataucin mutane, NAPTIP, ke aiwatarwa a Abuja: ta mai da yasar da yaro ba abin dogaro laifi, haka ma kulle mutum da musguna masa da baki.

Abin da ya kamata mariƙi ya fara bincika shi ne ko wani babba ne ke lalata da yaron. Sau da yawa hayaniyar zargi takan rufe wannan tambaya, a hukunta yaro, babban ya tsira. A Sashe na 31 na Dokar Haƙƙin Yara, saduwa da yaro laifi ne mai hukuncin ɗaurin rai da rai, kuma cewa yaron ya yarda ba hujja ba ce. Idan akwai alamar haka, a garzaya asibiti cikin awa 72, domin a cikin wannan lokacin ne maganin kariya daga ƙanjamau yake aiki, sannan a kai ƙara.

Idan ba haka ba ne, yaron ne da kansa ya faɗi abin da yake ji, to riƙe sirrinsa ne babban aiki. Kai maganar ga mai unguwa, ko dandalin WhatsApp na dangi, ko ɗaukar bidiyonsa yana "tuba", kan jawo masa duka daga matasan unguwa da kora daga makaranta. Ko da ana zargin yaro da aikata laifi, Sashe na 204 ya ce tsarin shari'ar yara kaɗai zai bi, ba na manya ba, kuma dokar ta hana bayyana sunansa, ta hana kotu yanke masa hukuncin bulala.

Sai batun "gyara". Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtuka tun 1990. Horo da yunwa da mari ba sa sauya ta, sai dai su bar yaro da rauni. An ga abin da irin waɗannan gidajen horo suke zama a watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa, daga wani gida a Rigasa ta Kaduna. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2009 ya gano cewa matasa masu sha'awar jinsi ɗaya da danginsu suka tsananta ƙin su sun fi takwarorinsu da ba a ƙi ba yunƙurin kashe kai fiye da sau 8. Don haka a lura da daina cin abinci, keɓe kai, gudu daga gida, ko maganar mutuwa. Waɗannan na buƙatar likitan ƙwaƙwalwa nan take. Mariƙi yana iya riƙe aƙidarsa ta addini, ya kuma ci gaba da biyan kuɗin makaranta da zama cin abinci tare da yaron.

Malami ko maƙwabcin da ya ga an kori yaro ko ana azabtar da shi zai iya kai ƙorafi ga NAPTIP, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Maitama, ko sashen walwalar yara na hukumar birnin. A rubuta rana da wuri da irin raunin da aka gani, a haɗa da takardar asibiti. A tsaya a kan dukan ko korar, domin ita ce laifin da ake kai ƙara a kai. Ba lallai ba ne a saka zargin da aka yi wa yaron a cikin takardar.