Waiwaye: tiyatar gindin babbar jijiya ba tare da cire bawul ba

Gindin babbar jijiyar da ke fita daga zuciya yakan kumbura, musamman ga masu ciwon Marfan, wato ciwon gado da ke sa naman jiki ya saki, har ya kai ga tsagewa. A bakin gindin nan akwai bawul mai ƙyamare uku da ke hana jini komawa baya. Sau da yawa bangon ne ya lalace, ƙyamaren kuwa lafiyarsu ƙalau.

A 1968, likitocin tiyata Bentall da De Bono suka bayyana aikinsu a Landan: a cire gindin da bawul ɗin gaba ɗaya, a sa bututu mai bawul na roba ko ƙarfe. Aikin ya ceci rayuka, har gobe ana yinsa. Sai dai mai bawul na ƙarfe zai sha maganin tsinka jini muddin ransa, ga yawan gwaji, ga fargabar zubar jini. Ga matashiya mai son haihuwa, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne.

Magdi Yacoub, haifaffen Masar da ke aiki a Ingila, ya ga babu dalilin yar da abu mai kyau. Yakan bar bawul ɗin, ya yanka bakin bututun Dacron, wani yadin roba, ya zama harsuna uku, ya ɗinka su a gurbin bangon da aka cire. Hakan na maido da aljihunan nan uku da ke bayan ƙyamare, sai su riƙa buɗewa da rufewa kusan yadda aka halicce su. Rauninsa ɗaya: zoben da bawul ke zaune a kai ba a ɗaure shi ba, yana iya ci gaba da faɗi, yoyo ya dawo.

Tirone David na Toronto ya fitar da tasa hanyar a 1992. Shi yakan zura bawul ɗin dungurungum cikin bututun, ya ɗinke daga ƙasa, zoben ya kasa motsi. Ɗinkin ya fi yawa, aikin ya fi cin lokaci, amma ga mai Marfan, wanda namansa ke saki, likitoci da yawa sun fi natsuwa da shi. Ƙorafin da aka yi shi ne miƙaƙƙen bututu ba shi da aljihu.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kowane ɓangare ya ɗauki gyara daga ɗan'uwansa. De Paulis a Italiya ya ƙera bututu mai kumburi a gindi don hanyar David. Lansac a Faransa ya ƙara zobe ta waje a kan hanyar Yacoub. Schäfers a Jamus kuma ya jawo hankali ga tsayin da ƙyamaren ke haɗuwa bayan an gama ɗinki, ya kawo ma'auni, ana neman kusan milimita 9. Ƙyauren da ya zube ƙasa da sauran, ko ta wace hanya aka bi, sai an tattare bakinsa an ɗaga shi kafin a rufe ƙirji.